Abin da Baba Bai Tambayi Ƙarfe Ba

A bayan kasuwar Muda Lawal, a Bauci,
Baba Gidado ke narka tsoffin fistan mota
yana zubin tukwane da ludaya.
Shekara talatin bai tambayi ƙarfe dalili ba.
Ya dai san wani zubin, in ya sha ruwa da zafinsa,
da laushi yake kwana,
bayan sati guda sai ya fara gardama da zarto.

Ni ce na tafi makaranta da tambayar.
Na goge ɗan guntu har ya ɗauki fuskata,
aka sa shi a madubin da ke tona ƙasan gani.

Ashe baƙi ne a ciki.
Tagulla kaɗan ta ɓata a garin alminiyam,
'ya'yanta na laluben juna a duhu,
su taru nan, su taru can.
Amma girman baƙo ba girman ɗan gari ba,
ɗakin da aka ba shi bai zo daidai da shi ba.
Maƙwabta suka miƙe, suka tanƙwara,
ba wanda ya saki hannun wani.

Da son ran baƙo ne, dunƙulewa zai yi kamar fura.
Matsi ya hana.
Sai ya baje kamar faifai,
ya kwanta ta gefen da ƙarfen ya fi sauƙin kai,
na bayansa ya ga haka, ya bi layi.

Na kai wa Baba hoton.
Ya share hannu a riga, ya juya shi sama da ƙasa.
Ya ce, "Wannan ai motar Das ce ranar kasuwa.
Kowa a karkace yake zama,
kafaɗa bayan kafaɗa,
shi ya sa ko an faɗa rami ba mai motsi."

Na ce haka ne, taurin daga nan yake.
Amma in aka bar shi ya daɗe a wuta
baƙin kan ƙoshi, babba ya cinye ƙarami,
su saki hannun maƙwabta.
Kowa ya sami sarari.
Ƙarfen kuma ya saki jiki.

Baba bai ce komai ba.
Ya dubi ƙannena biyar a tabarma ɗaya,
sannan ya janye itace guda daga murhu.