Ɗaki Mai Kallon Ruwa

Baltimo, Janairu, ƙanƙara ta toshe bakin ƙofa.
Na sauke fasinjan ƙarshe, na mai da bas gareji,
na tarar da Sahura a teburin kicin,
tabarau a kan hanci, takardar kamfanin jirgin ruwa a gabanta,
ta ja jan biro ƙarƙashin kowane farashi
kamar malamar da ke duba jarrabawa.

Shekara goma sha tara ina bi ta gefen tashar nan.
Jiragen na tsaye, farare fat, hawa goma sha biyu,
gari guda a kan ruwa da fitilunsa.
Iyakata in kalle su ta madubi, danja ta sake ni in wuce.
Bana adashe ya zagayo kanmu.

Ta ce, "Ga na ciki, ba taga, shi ne mai sauƙi.
Barci kawai za mu yi. Ido a rufe me zai gani?
Dala ɗari takwas ce tsakaninsu, Barau.
Buhun gero nawa ke nan a Gumel?"

Na yi shiru ina nawa lissafin.
Ɗakin wankin asibiti yana ƙarƙashin ƙasa, hawa biyu.
Da duhun asuba take sauka, da duhun magariba take hawa.
Zannuwan gadon majinyata na bi ta hannunta,
dubu bayan dubu, ba ta san fuskar ko ɗaya ba.
Rana kan fito ta faɗi, ba su gaisa ba.

Ban faɗa mata haka ba. Sahura ba ta cin tausayi.
Na ce, "Jirgi juyawa yake, yau nan gobe can.
A ɗakin da ba taga, ina za mu gane gabas?
Mai baranda za mu ɗauka, rana ta nuna mana alƙibla."
Ta zare tabarau ta dube ni.
"Wayarka fa, ta daina nunawa?
To, Liman, ka kawo salla cikin ciniki."

Ummita ta kira daga Atlanta da nata ƙa'idodin:
a nemi tsakiyar jirgi, can ƙasa-ƙasa, ba ya jijjiga,
kada a yarda da ƙarƙashin ɗakin rawa,
a rubuta musu kifi da ganye tun yanzu.
Uwarta ta tuna kwalekwalen Yawuri,
yadda ta riƙe gefensa tana salati har tsallake,
muka yi dariya har shayi ya huce.

Saura layi ɗaya a ƙasan takarda.
Jirgi zai ajiye mu a tsibirin ƙarshe, mu dawo ta sama;
mai so ya ƙara kwana a masauki bakin teku.
Na miƙa hannu zan soke,
don na san na ci rabona na rigima a daren nan.
Ta dafe biron.

"Biyu," ta ce.
"Kwana biyu a ƙasar da ba ta motsi.
In kwanta a kan zanin da ban wanke ba,
in tashi in bar shi a yamutse,
in fita ko waiwaye babu."

Motar kwashe ƙanƙara ta wuce tana kankare titi.
Na cika lambobin kati, hannuna na ɗan rawa.
Hawa na shida, ɗaki na ɗari shida da arba'in, gefen dama.

Ta tashi ta buɗe durowa,
ta zaro ambulan, ta sa dala ashirin ta liƙe.
Na ce na wane ne.
Ta ce akwai wata can ƙarƙashin masaukin,
ita ma hawa biyu, watakila.

Sai da muka kashe fitila ta yi magana cikin bargo:
"Barau, ranar can,
tana da zafi irin ta gida?"