Wutsiyar Ingilishi

A lakwal ɗinmu ta Tawa, bayan tashar mota,
allina ya gajarce kamar ƙwayar gyaɗa.
Na rubuta cat, na ɗaura mata wutsiya:
cats. Na ce, "Kyanwa ta haihu."

Yara suka karanta, suka haɗiye wutsiyar,
don Faransanci ya koya musu
s na ƙarshe baƙo ne mai kunya,
yana zaune, ba ya magana.
"Wannan bakinsa buɗe yake," na ce.
"Ku yi kamar ruwa a kan garwashi."
Aji duka ya ɗauki huci,
har akuyar maigadi ta leƙo.

Box kuwa ba ta fita sai da ɗan rakiya: boxes.

Habsu, mai tawada a haɓa, ta ɗaga hannu:
"Mushe, mu akuya awaki,
tunkiya tumaki, ɗa kuma 'ya'ya.
Su duk wutsiya ɗaya suke aro?
Kai, talauci!"

Da dare, ina gyaran kaye arba'in da bakwai,
na tarar Tsahiru ya rubuta a bangon nasa: Tsahirus.
A ƙasa, da siririn rubutu:
ni da ƙanena, kaye ɗaya gare mu.