Farin Jini

Tun yana goye ake faɗa:
yaron nan farin jini gare shi.
Matan Birni na karɓarsa hannu zuwa hannu
har Inna ta manta wa ta miƙa wa.
Da ya girma ya kafa tebur a kasuwar Dole,
sai ka ga mutum ya wuce masu gyaran salula huɗu
ya zo ya tsaya jiran Mutari.

Asuwaki ne ya fara faɗa mana.
Wata asuba ya fito daga bakinsa jawur
kamar an tsoma shi a zoɓo.
Muka ce dasashi ne.
Sai masassara, muka sayi magani sau uku.
Sai tabo baƙi-baƙi a damtse,
alhali ba wanda ya doke shi.

Ran Talata a babban asibiti
likita ya juya takarda, ya sake juyawa,
ya yi mini Faransanci, don ni ce na yi lakwal,
ya bar ni da ɗaukar maganar zuwa Hausa.
Taku uku ne tsakanina da Baba,
ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba.
Na ce, Baba, fararen ƙwayoyin jininsa ne suka yi yawa.
Ya yi murmushi, wallahi ya yi,
ya ce, ai mun sani, Barira, tun yana goye.
Sai da na ce sankara.

Baba baduku ne.
Shekara arba'in yana mai da farar fata ja da karan dafi.
Daren nan ya zauna gaban kwaryar rini,
bai tsoma komai ba,
yana ta kallon tafin hannunsa.

Inna ba ta yi kuka inda za a gani ba.
Ta shiga yaƙi da abin da ta sani:
hanta, zogale, dabinon Agadas,
zoɓo ba sukari, kofi bayan kofi,
duk abin da ya yi ja ta kai bakinsa.
Shi kuma yana sha don ita.

Da aka ce ana neman jini,
kafin azahar babura sun cika ƙofar asibiti.
'Yan kabu-kabu, mai shayin bakin tasha,
ɗan garuwar da ke bin mu jikka biyu,
wata tsohuwa da aka mayar don shekarunta
ta tsaya tana faɗa da ma'aikaci.
Mutari ya leƙa ta taga ya ce,
kin gani? Ciwon ma sona yake.
Na yi dariya, na fita baranda
na ƙarasa ta da wata murya.

An ce sai Yamai.
Mun sayar da tunkiya da 'ya'yanta,
da filin hanyar Miriya da Baba ke cewa
nan Mutari zai yi gini.
Jiya ya sa Laminu ya aske masa kai,
wai kada magani ya riga shi.

Yanzu dare ya raba, motar asuba muke jira.
Duwatsun bayan gida suna nan inda suke,
har na ji haushinsu.
Shi yana zaune da tsohon gwangwanin madara
cike da salular mutane da bai gama ba,
yana liƙa wa kowace takarda:
ta Malam Cilo, batir ne.
Ta Hajiya Magaram, ta sha ruwa.
Ta Ɗan Baturiya, kada a taɓa,
ni kaɗai na san ciwonta.

Na ce, a mai da musu?
Ya ce, waɗannan biyun a mayar.
Ta ukun ya riƙe ta a hannu, ya daɗe,
sannan ya sa ta a aljihun rigar tafiya.