Ajiyau

A bayan Miga, inda fadama ke shanye sawun shanu,
akwai tsiron da ba ya fure sai gari ya yi tsit.
Ajiyau muke ce masa.
Ganyensa kamar kunnen ɗan akuya,
furensa shuɗi, bakinsa a buɗe kamar na buta,
yana jira.

Durƙusa ka faɗa masa magana,
sai ya tsuke baki ya haɗiye.
Daga ranar ba ya yaushi,
ko shekara goma ta yi a ciki ba ta tsami.
Ran da aka murza shi a tafin hannu
za ta fito da muryar mai ita,
har da tarinsa, har da jan numfashi.
Amma sau ɗaya tak. Ba ya maimaici.

A garinmu ba a rubuta bashi.
Ɗangoggo mahauci in ya ba da nama lamuni
sai ya miƙa fure: faɗi da bakinka.
Sun fi ɗari a rumfarsa, soke a tsinken tsire.
Ran kasuwa ka ji suna tashi ɗaya bayan ɗaya,
"in an yi girbi," "in tunkiyata ta haihu,"
masu muryoyin na sunkuyar da kai, suna laluben aljihu.

Uwa in za ta kai abinci gona
takan bar rarrashi cikin fure biyu,
in jariri ya farka yayarsa ta murza.
Masunta na shafa wa koma ruwan saiwarsa,
wai tarwaɗa na jin kiran kakanninta ta taho.
Zumarsa Malam Barau ya lasa wa ɗansa mai i'ina,
yaron ya kwana yana zuba da muryar mutum bakwai,
da safe ya zaɓi guda ya riƙe.
Wani marini ya zo daga Kura ya sayi buhu,
rigar da ya rina, in iska ta kaɗa ta sai ta kama raɗa,
har yau ba wanda ya iya sa ta zuwa zaman makoki.

Ni ma ina da nawa.
Daren da jikin Baba ya yi tsanani
ya sa aka tono masa ɗaya da saiwarsa,
ya ce kowa ya fita.
Ta ƙofar asabari na hango leɓensa na motsi.

Na dasa shi a fasasshiyar tukunya saman katanga.
Shekara shida ina ba shi ruwa, ban murza ba.
In na ji, ya ƙare.
In ban ji ba, Baba bai gama magana ba.
Na yi ta saƙe-saƙe: iyakar gona ce?
Ko tsohon bashi?
Ko ranar nan da na ɗaga masa murya a bakin rumbu?

Wata Laraba na dawo daga cirar gyaɗa
na tarar da akuyar Hansai ta taka turmi,
tana tauna, leɓenta shuɗi.
Na ɗaga fartanya.
Ta dube ni, ta buɗe baki,
sai ga Baba, da tarinsa:

"Nomau, in hadari ya haɗo ka kwashe shanyar barkono.
Kuma ka riƙa cin abinci,
kar ka kwana da yunwa don fushi."

Shi ke nan. Sai ta ce mee.

Sama tas take, ko gajimare babu,
duk da haka na kwashe barkonon.
Na zauna na cinye tuwon jiya da sanyinsa.

Akuyar kuwa na saye ta, Hansai ta tsuga mini kuɗi.
Ta tsufa a gidana, haƙoranta sun zube,
ba ta ƙara cewa komai ba.
Da magariba nakan kai mata harawa,
in ɗan jima a tsugune,
ko da saura.