Rawayar da Ban Gauraya Ba

Shekara arba'in da ɗaya ina fentin jiragen masunta
a gaɓar Dunmore, inda gishiri ke cin ƙarfe kamar gara.
Rawaya kuwa na san ta ciki da bai:
ta rigar ruwa, ta igiya sabuwa,
ta jirgin Dermot Roche da ya ce in ƙara mata ja
don matarsa ta hango shi tun daga kan tudu.
Ashe akwai wata a cikin idona,
ban gauraya ta ba, ban ma san da zamanta ba.

Orlaith Phelan ce ta faɗa mini, ran Talata,
a ɗaki mai duhu, hawa na biyu, asibitin ido na Waterford.
Ta ce can ƙuryar ido, daidai inda kallo ke sauka,
akwai ɗigon launi ɗan mitsitsi
mai tare shuɗin haske kafin ya yi ɓarna.
Jiki ke tsinto shi, in ji ta,
daga gwaiduwar ƙwai, da ganye, da masara.
Suna auna na masu hawan jinin ido irina
su ga ko namu ya kai na sauran jama'a.

Na ce, 'yar nan, ai ciwona ɓarawon gefe ne.
Ya ɗauke dokin ƙofa, ya ɗauke matakalar ƙarshe,
ya ɗauke karena in ya bi ta hagu.
Me zai kai shi tsakar gida?
Ta ce, abin da muke nema mu sani ke nan.

Na ɗora haɓa, na leƙa bututu.
Wani shuɗi na ƙiftawa kamar fitilar bakin teku.
Murɗa, ta ce, har sai ya tsaya cak.
Na murɗa, ya ƙi.
Na koma baya, ya yi mini gwalo.
Ni da nake gane fentin da aka sirka
tun daga ƙamshin gwangwani,
sau biyar ɗan haske ya kayar da ni.

Ta rubuta lamba, ƙarama.
Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma yi mini romon baka ba.
Ko ciwon ne ya lashe launin,
ko ƙarancinsa ne ya bar ƙofa a buɗe,
ta ce har yanzu ana tambaya.
Ɗigon dare dai kada in fasa,
ganye ba ya maye gurbinsa.

Sai ta ce, me kake ci?
Nan na yi shiru.
Tun da Nuala ta rasu, shayi ne da burodi,
burodi da shayi, wani lokaci dankali.
Kabejinta na bayan gida ya yi tsawo, ya yi fure,
furen ma rawaya,
ni kuwa ina wucewa ta gefensa,
gefen da ba na gani.

Bas na hau zuwa gida.
Tuƙi na bari tun hunturun da fitilun motoci
suka fara fashewa a idona kamar an jefi madubi.
Ruwa na zuba, tagar ta yi gumi,
na goge da hannun riga, ban ƙaru da komai ba.

Da daddare na fasa ƙwai biyu a kasko.
Na tsaya ina kallo, har gefensu ya ƙone.
Wannan launi, da a ce a gwangwani yake,
da na ce kashi uku rawaya, ɗigon ja, sai a motsa a hankali.
Na yanko ganye huɗu a lambun Nuala, da tocila,
na wanke katantanwa daga jikinsu.

Wata shida, in ji Orlaith, in koma.
Ba ta yi alkawari ba, ni ma ban roƙa ba.
Amma shafi ɗaya bai taɓa riƙe jirgi ba.
Gobe in sake.