Kwalbar Bayan Madubi

A Ƙofar Marusa na sayo ta,
ran Laraba, rana na dukan ƙeya.
Hajiya Sahura ta ƙulle ta a baƙar leda,
ta rage murya kamar mai ba da ajiya:
“Saiwa ce da ganye, 'yar nan,
hulba ce, da ɗan abin da ba a faɗa.
Cokali biyu a kindirmo, safe da dare,
kafin wata ya mutu
rigarki da kanta za ta ba ki labari.”

Bara na yaye Ummita.
Ta tafi da abin da ta tafi da shi,
ta bar mini ƙirji kamar silifas ɗin alwala.
Sada bai taɓa cewa uffan ba,
shi dai a ba shi tuwonsa da zafi.
Madubi ne mai dogon baki,
shi da matan gidan biki
masu auna mutum da wutsiyar ido.

Satin farko cikina ya yi ta kugi
kamar injin markaɗen Rafin Daɗi.
Na biyu, gumina ya koma warin hulba,
har filo ya ɗauka, har mayafi.
Jiri ya ɗebe ni a bakin murhu,
na dafa bango, na ce aikin magani ne.
Da al'ada ta ƙi zuwa
nan ma na ce aikin magani ne.
Na ƙara rabin cokali.

Sista Lantana ba ta da fara'a,
amma hannunta sanyi gare shi.
Ta dubi takarda, ta dube ni:
“Wata biyu. Me kike sha?”
Na ce ruwa.
Ta yi shiru, irin shirun da ke tone rami,
har na zaro kwalbar daga jaka.

Ta juya ta gaba, ta juya ta baya.
Ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa,
sai hoton wata mata
da ba ta taɓa taka Katsina ba.
Na ce, “Ai ganye ne.”
Ta ce, “Zaƙami ma ganye ne.
Hulbar da na sani, in ta yi yawa
tana iya murɗa mahaifa.
Wanda ba a faɗa ɗin kuwa
ni ma ban san shi ba,
kuma shi ya fi ba ni tsoro.
Ki ajiye. In kin ga jini, ko ɗigo,
kar ki jira gari ya waye.”

A Keke na ƙirga cokulan,
daga asibiti har Sabuwar Unguwa.
Sittin da wani abu.
Duk kai ka sha tare da ni,
kai da ban san kana nan ba,
kai da ba ka kai ƙwayar dabino ba,
ba wanda ya tambaye ka.

Daren nan na tashi sau huɗu
ina haska zane da fitilar waya.
Fari. Fari. Fari.
Na huɗun ban iya dubawa ba,
Sada ne ya karɓi fitilar
bai tambaye ni komai ba.

Da asuba na juye garin a kwata,
ruwan wanke-wanke ya tafi da dubu bakwai.
Kwalbar na wanke, na zuba allurai da maɓallai.

Jiya aka ɗora mini na'ura a mara,
na ji ka, kif-kif-kif,
kamar ɗan tsako a cikin kwali.
Sista ta ce a ci gaba da zuwa awo,
ba ta ce komai ya wuce ba.

Ga abin dariya kuwa:
rigar ta fara matse ni.
Madubi na ta magana,
ni kuma hannuna yana ƙasa da inda yake kallo.