Abin da Tsohon Rimot Ya Bari

Majiginmu na rataye a silin ɗakin taro,
can sama, inda ko Dursun mai dogon hannu
sai ya hau tsani, ya ɗaga dunduniya.
Shekara goma sha ɗaya rimot ke raba mu da hawa,
har daren da gwiwar hannuna ta ture shi
ya faɗa kwanon da muke zuba ragowar shayi.
Na shanya shi gefen murhu, na binne shi a shinkafa kwana uku.
Ya farfaɗo kamar mai shanyewar ɓarin jiki:
gefe guda na amsawa, gefe guda shiru.

A ƙauyen nan na bayan Rize ruwan sama ba ya sallama,
kuma daren Asabar ba mu da wurin zuwa
in ba gaban bangon nan mai farin fenti ba.

Jikata Sevgül ta zo daga Trabzon da sabo a jaka,
baƙi, siriri, maɓallansa sun fi haƙorana yawa.
Ta ce, "Kaka, wannan kowane yare yana ji."
Ga ɗan littafi tare, lambobi jere kamar tururuwa.
Sifili, huɗu, bakwai, biyu. Shiru.
Ɗaya, ɗaya, tara, shida: talabijin ɗin kusurwa ya farka
yana shaida mana gobe ma ruwa ne.
Lamba talatin da ɗaya muka gwada,
majigi ya yi kunnen uwar shegu da mu.

Sai ta buɗe shafin ƙarshe.
"Akwai wata hanya. Sabon zai koya daga tsohon."
Ta kwantar da su bisa tebur, goshi da goshi,
tazarar yatsu biyu a tsakani,
kamar majinyaci da ɗan da ya zo karɓar wasiyya.
In na danna nan, ta danna can,
jar fitila ta ƙifta sau biyu: na haddace.
Kunnawa ya haye. Kashewa ya haye.
Ƙara murya da ƙyar, sai a karo na huɗu.
Rage murya ya bi shayi;
Dursun ya ce da irin kunnuwanmu ba asara.

Saura ɗaya, wanda ban faɗa mata ba,
wanda zanensa ya goge, ya lotsa daidai babban yatsana:
maɓallin daskarar da hoto.
Akwai faifan da ba na nuna wa kowa,
na yankan ganyen shayi, shekarar da ƙasa ta zafta.
A minti na sha tara Hayriye takan ɗago kai,
almakashi a hannu, kallabi ya zame.
Nan nake tsayar da ita in jama'a sun watse,
mu zauna, har in kashe.

Na danna. Fitila ba ta ƙifta ba.
Na danna da farce, na danna da gindin cokali.
Sevgül ta dube ni, ta dubi lotsawar,
ta tashi ta je wanke kofuna.

Asabar ta zo. Daga kujerata sabon ya tada majigi,
aka tafa masa kamar ya ci ƙwallo.
Da suka fita na sa faifan.
A minti na sha tara yatsana ya lalubi wurin da babu.
Hayriye ta ɗago kai,
ba ta tsaya ba.
Ta share goshi da bayan hannu,
ta ce wani abu ga mai ɗaukar hoton, ni ke nan,
ta yi dariya, ga wushiryar da na manta,
ta saɓa buhu, ta gangara,
gajimare ya sauko ya karɓe ta.

Ashe shekara shida ina tsare da ita
a bakin ƙofar dariyar nan.

Tsohon na aljihun tebur, na cire masa batir.
Jiya Sevgül ta bugo waya, wai ta samo wata lamba
da za ta iya dawo da maɓallin.
Na ce ta rubuta ta ajiye,
in ta zo hutu ma gani.